Gashin Inna a Rariya

Gidan da aka ba mu a Kalgo yana da shawa, kuma ni ce mace ta farko a danginmu kaf da ta taɓa tsayawa a ƙarƙashin irin wannan abu. Ban ɓoye alfaharina ba. Duk wadda ta zo mini daga ƙauye sai na ja ta banɗaki na nuna mata kan ƙarfen nan mai huji-huji, ko da yake sau da yawa in na murɗa, tari kawai yake yi ya yi shiru. Ruwan famfo sai ya ga dama yake zuwa, da bokiti muke wanka kamar kowa. Amma daɓen siminti ne mai santsi, an ɗan karkata shi zuwa kusurwa, a kusurwar kuma akwai rariyar ƙarfe da ke shanye ruwa ta tura shi cikin bututu zuwa bayan gida. Gefe ɗaya na rariyar ya ɗan ɓalle tun kafin mu shigo, yatsa na iya shiga.

Lokacin ba a yanke Kebbi daga Sakkwato ba. Maigidana, wanda nake kira Malam kamar yadda ɗalibansa ke kiransa, yana koyar da lissafi a sakandare, gidan kuwa ɗaya ne daga cikin jerin gidajen malamai. Ni ina koyarwa a firamare, da goyon ɗa namiji a bayana.

Wanda ya zana gidan nan bai taɓa jin akwai wani abu wai shi suruki ba. Ɗaki biyu ne da falo, sai banɗaki ɗaya tal wanda ya haɗa wurin wanka da masai, ƙofarsa kuma tana kallon kujerar da maigida ke zama. Mu biyu da jariri ba mu ga aibinsa ba sai da Inna ta zo.

Inna mahaifiyata ce. Tun rasuwar mahaifinmu tana zaune da ƙanena a wani ɗan ƙauye kusa da Maruda, can ƙasar Gwandu, inda kakanninmu suka ajiye sandar kiwo suka ɗauki fartanya ba tare da sun rabu da shanun ba. A bazarar nan ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya in ta kwanta. Likita a Birnin Kebbi ya ce zuciyarta ce ta gaji, ya ba ta ƙwayoyi, ya ce lallai ya riƙa ganinta a kai a kai. Daga ƙauyenmu wannan ba mai yiwuwa ba ne, balle in damina ta faɗi hanya ta lalace. Daga Kalgo kuwa ɗan taƙi ne. Sai da na haɗa ta da yayanta da limamin ƙauye kafin ta yarda ta zauna a gidan suruki, ta kuma yarda ne tana kallon ƙasa kamar wadda aka yanke wa hukunci.

Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini doguwar magana kai tsaye. Da na haihu sai ta sami ɗan aike wanda ko zama bai iya ba. Takan ɗora shi a cinya ta ce, "Angona, hwaɗa ma uwarka kunun ga ya yi ruwa." Ni kuma in ce, "Ce ma amaryarka gobe za a gyara." Shi yana ta tsotsar hannunsa. A haka muke hira, a haka muke faɗa.

Tsakaninta da Malam kuwa labule ne. Da safe ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce, "Inna, an kwana lahiya? Ya ƙarhin jiki?" Ta amsa daga ciki da muryar da ko sauro ya fi ta ƙarfi. Malam Bakabe ne, mutanensu masunta ne na bakin gulbi. Su ma suna kunyar surukai, amma tasu ba ta kai tamu tsanani ba, kuma shi mutum ne mai son raha. Na ga yadda ya naɗe raharsa ya ajiye saboda Inna.

Matsalar ita ce ɗaya daga cikin ƙwayoyin likita ta fitsari ce. In ta sha, sai ta yi ta zirga-zirga. Inna kuwa gara ta mutu da ta ratsa falo ta shiga banɗaki surukinta na zaune yana jin ƙarar buta. Sai na lura ranar da Malam ke gida, ƙwayar nan a ƙarƙashin tabarma take kwana. Na gaya masa a kaikaice. Daga ranar ya zama baƙo a gidansa: ya tashi daga makaranta ya zarce gindin darbejiya wajen abokansa, a can ake kai masa abinci, a can yake duba aikin ɗalibai iska na kwashe masa takardu. Inna kuma ta gane ita ta kore shi, abin ya ƙara mata nauyi. Ni ina tsakiya, ina lallashin wannan ina ba wancan haƙuri, zafin bazara na dafa mu cikin siminti. Akwai ranakun da nake jin haushin su duka biyun, in kuma ji haushin kaina don na ji haushinsu.

Ana cikin haka rariya ta fara jan ƙafa. Da farko in ka yi wanka ruwan yakan ɗan yi tunani kafin ya wuce. Daga baya sai ka gama shafa mai yana nan kwance, da kumfar sabulu a kansa. Na zuba tafasasshen ruwa. Na jiƙa kanwa na zuba. Maƙwabciyata matar malamin Turanci, mai haɗa sabulun sayarwa, ta ba ni soda, na zuba har idona ya yi ja, banɗaki ya cika da wari mai shaƙe maƙogwaro. Ana magani kai na kaba. Ruwan ya kai idon sawu ya tsaya, ya fara tsami, sauro suka sami gida.

Inna ta daina wanka. Ba za ta tsoma ƙafarta cikin ruwan da ya sauko daga jikin surukinta ba, ba kuma za ta bar nata ruwan ya kwanta shi ya zo ya taka ba. Alwala kawai take yi a ɗan kwano cikin ɗakinta, a wannan zafin, mace mai kumburarrun ƙafafu. Na riƙa kwashe ruwan da gwangwani ina fitarwa, amma mutum ɗaya ya yi wanka an koma gidan jiya.

"Malama," in ji Malam, "gashin ga da kika taƙama da shi, shi yat toshe muna hanya. Ranar Asabar in na ga mai gyaran makaranta sai in taho da shi."

Na harare shi na ce yashin ƙafarsa ne. Amma na san ruwa ba ya tsami banza, kuma ban so wani ƙato ya shigo mana har banɗaki Inna na gida. Washegari da na dawo daga aiki na kwantar da yaro, na ɗaura tsohon zani, na shiga na rufe ƙofa.

Sukuru biyu ke riƙe da rariyar, duk sun yi tsatsa, da bakin wuƙa na kwance su. Na warware hangar waya da Malam ke rataye riga na lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, na durƙusa cikin ruwan nan na zura. Na juya, na ja. Abin da ya fara fitowa nawa ne, baƙi, dogo, ya cakuɗe da dattin sabulu. Na ce to, Malam ya yi gaskiya, ba kuma zan gaya masa ba. Na sake zurawa can ciki, ƙugiyar ta kama wani abu mai nauyi. Da na jawo sai ga wasu ƙulle-ƙulle, kowanne kamar ƙwallon magarya, a jere kamar an shirya su. Na ɗauki ɗaya na ɗauraye. Fari ne tas, an murza shi tsakanin tafin hannu har ya dunƙule.

Ba sai an gaya mini ba. Tun ina yarinya nake ganin Inna in ta gama tsifa, sai ta tattara duk abin da ya maƙale a mataji da wanda ya zubo a cinyarta, ta murza shi ya dunƙule, ta yi bisimilla ta cusa a tsagar bangon ɗakinta. Haka uwarta ke yi. Suna cewa in tsuntsu ya yi sheƙa da gashinka ba ka rabuwa da ciwon kai, in kuma mugu ya samu, sai yadda Allah ya yi. Ko babu wannan ma, a wurinsu gashin mace tsiraici ne, ba abin da za a yar a hanya ba.

Na zauna a kan bokiti na dubi gidan nan da idonta. Bango siminti ne an shafe shi da fenti, ko allura ba ta da mashiga. 'Yar farfajiyar baya ma an daɓe ta, bayan katanga kuma hanyar ɗalibai maza ce, Inna ba ta taɓa leƙawa ba. Kwandon shara juji ake kai shi, inda awaki da kaji ke tono. Masai kuwa wurin najasa ne, ba za ta jefa wani abu na jikinta a can ba. A duk faɗin gidan, rami ɗaya ne mai duhu da ta samu, inda ruwan wanka ke bi. Ta riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya ta ɓallen rariyar, tana ganin ta adana.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yawansu. Wannan ba gashin tsifa ɗaya ko biyu ba ne. Inna da ake yi wa kitso a bar jela har gadon baya, kanta ke zubewa a ƙarƙashin kallabin nan, ba ta gaya wa kowa ba. Na ji tsoro, na yi kuka a zaune cikin warin nan, ba da ƙarfi ba don bango ɗaya ya raba mu.

Na ci gaba da ja har wayar ta ƙare. Bututun yana da gwiwa, can bayanta sauran suka taru, ƙugiyata tana taɓa su ba ta iya kamowa. Na haɗa hanga biyu, suka rabu a ciki, da ƙyar na zaro guntun. Hannuna ya sale. Ruwan ya ɗan ja baya kamar zai tafi, ya sake tsayawa. Wanda na ciro na wanke shi na ƙulle a tsumma na ɓoye a ƙasan akwatina.

Da la'asar na sami gwangwanin madara mai murfi, na kai ɗakin Inna na ajiye kusa da yaro. Na ce, "Ba amaryarka gwangwanin ga. Ta riƙa aje abin da ba ta son a gani, in mun tahi gida mu kai."

Ta daɗe tana kallon gwangwanin. Sannan ta ce, "Angona, uwarka ta cika bincike." Ta ja shi ta tura ƙarƙashin gado.

Saura Malam. Ba yadda za a yi in buɗe baki in yi wa miji zancen gashin uwata, ko ni sai da na ji kunyar ganinsa. Na dai ce masa, "Kak ka kira mai gyaran nan."

"Don mi?"

"Gashin mata na. Ba ni son baƙon namiji shi gani."

Ya yi dariya. "Ashe kin yarda. To, ni dai ba baƙo ba na."

Na ɗauka tsokana ce irin tasa. Ranar Asabar da hantsi sai na gan shi ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauko doguwar gora da tsohon kwano. A bayan gida, inda bututun ke fitowa, akwai ɗan akwatin siminti mai murfi, daga nan ruwa ke wucewa babban rami. Ya ce ta nan zai ɓullo wa abin, ni in shiga ciki in zuba ruwa in ya yi magana. Na ce ya bari ni in yi. Ya ce murfin ya fi ƙarfina, kuma matar aure ba ta durƙusa a bakin kwata ɗalibai na wucewa. Na ce ya bari sai gobe. Ya ce Inna ta kwana nawa ba wanka, ko na ɗauka bai lura ba? Gaba kura baya sayaki. Maganar tana bakina, kalma biyu ce kawai, na kasa fitar da ita.

Akwatin nan kuwa daidai ƙarƙashin tagar Inna yake. Na leƙa ɗakinta da niyyar rufe tagar, na tarar tana zaune a bakin gado ta jingina da ita, don a nan ne kaɗai take samun iskar da ke isar ta. Ban iya hana ta iska ba. Na wuce banɗaki na tsaya da bokiti a hannu.

Ta 'yar tagar sama ina jin komai. Ya ja murfin yana nishi. Yana zura gorar yana mita cikin raha, wai ɗan masunci ya bar gulbi ya dawo kamun kifi a kwata. Na ji ya ajiye gorar, ya ce sai an sa hannu. Daga nan sai mitar ta yanke.  Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Zuba."

Na zuba. Ruwan ya juya ya yi gurnani ya wuce gaba ɗaya, har da wanda ya kwana, daɓen ya fito fili. Ban taɓa ƙin jin wata ƙara kamar wannan ba.

Na kife bokitin na hau na leƙa. Malam na tsugune, kwanon na gabansa cike da farin ƙulle-ƙulle. Ya waiga hanya ya ga ba kowa. Da ma ya tashi ya watsar a juji kamar bai gane ba. Sai ya ɗauko buta ya wanke su sarai, ya zaro farin hankicinsa ya ƙulle su, ya ɗauki fartanya ya haƙa rami a gindin zogalen da ke jikin katanga ta waje, ya binne, ya ɗora dutse. Abin da yake gani uwarsa na yi ke nan. Bai ɗaga kai ya dubi tagar ba ko sau ɗaya, amma ita tagar tana dubansa.

Kafin in wanke hannu in shiga ɗakinta, Inna ta shimfiɗa zani tana jera kayanta a kai. Yaron na kwance a gado.

"Angona, ce ma uwarka ta sa a kai ni gida."

A ranar na ajiye ɗan aike. Na ce, "Inna, ni za ki ma magana. Mi anka yi miki? Mutunci yay yi miki, ba wanda yag gani sai shi."

"Shi ɗin dai," in ji ta, tana ƙulle bakin zanin.

"Likita hwa? In ruwa ya sauka wa ka kawo ki? So kike ki mutu don gashi?"

Na faɗa da ƙarfi, na kuma san Malam na ji daga waje. Ta ɗago ta dube ni. Ba fushi na gani ba, wata irin gajiya ce.

"Da wace huska zan amsa gaisuwatai gobe da sahe?"

Na durƙusa na roƙe ta. Na ce za mu gina mata makewayi na zana a baya, na ce Malam zai koma kwana wajen abokinsa. Wannan ya ƙara ɓata zancen, ta ce ba ta zo raba ni da mijina ba. Malam kansa ya zo bakin labule ya durƙusa, ya ce, "Inna, a gahwarce ni." Ta ja mayafi ta rufe fuskarta duk da labulen da ke tsakaninsu. Ya daɗe a nan kafin ya tashi ya tafi neman mota.

Ni na raka ta har gida. Tun daga Kalgo har muka wuce Gwandu yaron na cinyarta. Da muka sauka ta shiga ɗakinta na ƙasa ta zauna, sai na ga kafaɗunta sun sauko, ta ce wa matar ƙanena ta ɗora mata ruwan wanka. Na ji sanyi, na kuma ji kamar in fasa ihu.

Mun yi iya ƙoƙarinmu. In na sami hutu nakan je in ɗauko ta mu ga likita mu koma a ranar, ta dawo a galabaice, ko sauka a Kalgo ba ta yarda mu yi. Da damina ta kankama hanya ta yanke, aka yi ta tsallake ranakun asibiti, ƙwayoyi suka ƙare kafin in sami mai kai mata. Ta rasu gero na fitar da kai.

Bayan an share makoki mun dawo Kalgo, wata rana da rana na kawo wa Malam abinci a falo, a kujerarsa. Ya buɗe kwanon ya rufe. Ya ce, "Malama, da mi ya kamata in yi?"

Na tsaya ina lissafawa. Da mai gyara ya zo, da ta tafi. Da an bar ruwan a kwance, da ta ci gaba da zama ba wanka har wani ciwon ya same ta. Da na faɗa masa tun farko, da bai iya haɗa hanya da ita ba, da ta gane. Na so in ce masa ba laifinsa ba ne, sai na ji in na faɗa kamar na ɗora mata ke nan, ita kuwa tana ƙasa. Na tura masa kwanon na ce ya ci kafin ya huce.